Kore, Ja ko Ruwan Toka: Yadda Muke Ƙera Manhajar Duba Kayan Abinci a Doha

 Masu bibiyar wannan tasha sun saba ganin an ɗauko waya ko manhajar da wasu suka ƙera, a juya ta, a faɗi inda ta burge da inda ta gaza. Yau ta ɗaya gefen zan zagaya da ku, wato gefen mai ƙerawa. Ina karatun digiri na biyu a fannin injiniya a Education City da ke Doha, kuma a wannan zangon mu huɗu aka haɗa kan aiki ɗaya: manhajar waya da mutum zai haska kayan abinci a kanti, ta gaya masa ko akwai abin da bai kamata ya ci ba a ciki.

A baki abu ne mai sauƙi. Ka ɗaga waya, ta karanta layukan nan baƙi da fari na jikin kwali, allo ya nuna kore ko ja, shi ke nan. Ɓangaren haskawar bai ci mana ko mako ɗaya ba. Sauran watannin duk sun tafi ne kan tambaya guda: yaushe manhaja take da hurumin ce wa mutum “ci, babu komai”?

Me ya sa Doha

Duk Bahaushen da na ba labarin aikin nan, tambayarsa ta farko ita ce halal da haram. To, a nan wannan ba ita ce babbar damuwar mai sayayya ba. Ba a sayar da naman alade a kantunan gari, sai a wani keɓaɓɓen wuri ga masu takardar izini, kuma naman da ake shigowa da shi sai da shaidar halal. Ɗan uwanmu da ke Landan ko Birnin Paris ya fi mu buƙatar wannan ɓangaren nesa ba kusa ba.

Damuwar Doha iri uku ce. Akwai masu ciwon suga: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 na manyan 'yan ƙasar Qatar suna da shi, kuma a ranar 1 ga Janairun 2019 gwamnati ta ɗora harajin kashi 50 kan lemukan kwalba masu gas da kashi 100 kan abin shan ƙara kuzari. Akwai waɗanda ba sa cin nama ko ƙwai saboda addini ko al'ada, kuma suna da yawa domin Indiyawa ne baƙi mafi yawa a ƙasar. Sai masu alaji, wato waɗanda jikinsu ke yin bori da wani abinci. Na wasu ƙaiƙayi ne da ƙuraje, abin da muke kira borin jini. Na wasu kuwa maƙogwaro ne ke kumbura, numfashi ya sarƙe cikin 'yan mintoci. Waɗannan na ƙarshen su ne ma'aunin aikinmu, domin su kuskure ɗaya ya ishe su.

Sannan ga yanayin kantunan kansu. Qatar hamada ce, mafi yawan abincinta daga waje yake zuwa. Ranar 5 ga Yunin 2017 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da ita, aka rufe iyakarta ɗaya tilo ta ƙasa. Cikin 'yan kwanaki kayan Turkiyya da Iran suka cika kantoci, har shanu aka yi jigilarsu a jirgin sama domin kamfanin madara na Baladna. An sasanta a Al-Ula a Janairun 2021, amma kantocin ba su koma yadda suke ba. Ka shiga Lulu ko Al Meera ko Carrefour, a layi ɗaya za ka ga biskit na Turkiyya, taliyar Filifin, garin yaji na Indiya da cakulan na Jamus. Kowanne da harshensa. Ƙa'idar ƙasashen yankin Gulf ta tilasta a rubuta bayanin kaya da Larabci, don haka wanda ya zo babu Larabci sai a manna masa sitika.

Abin da ke cikin bakod

Mutane da yawa suna zaton bayanin kaya yana cikin layukan bakod. Babu ko ɗaya. Bakod ɗin da muka fi gani, mai suna EAN-13, lambobi 13 ne kawai aka zana su da layuka don na'ura ta karanta da sauri. Babu suna, babu farashi, babu kayan haɗi. Tun ranar 26 ga Yunin 1974 da aka fara haska fakitin cingam na Wrigley's a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, aikinsa bai wuce na lambar mota ba: yana nuna wane ne, sauran labarin sai ka je ofishin rajista.

Lambobi ukun farko suna nuna ofishin ƙungiyar GS1 da kamfanin ya yi rajista. Najeriya 615, Qatar 630, Saudiyya 628, Daular Larabawa 629, Turkiyya 868 da 869. Ku lura, wurin rajista na ce. Kamfani zai iya yin rajista a Legas ya kuma sarrafa kayansa a wata ƙasa, don haka masu yaɗa cewa bakod na tona asirin ƙasar da aka yi kaya sun faɗi rabin gaskiya ne.

Lamba ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni, mai gadi ce. Ga misali da lambar da na ƙirƙira: 615123456789. Ka tara na gurbi na 1, 3, 5, 7, 9 da 11, wato 6+5+2+4+6+8, ka sami 31. Ka tara sauran, 1+1+3+5+7+9, ka sami 26, ka ninka sau uku ya zama 78. Haɗa su, 109. Nawa ya rage a kai 110? Ɗaya. To lamba ta 13 dole ta zama 1. Idan kyamara ta karanta lamba ɗaya ba daidai ba, lissafin ba zai fita ba, sai wayar ta sake gwadawa. Shi ya sa da wuya ka ga an haska madara ta fito a matsayin sabulu. Mu ML Kit na Google muka saka, yana karanta bakod a cikin wayar ba tare da intanet ba, kuma ko a ƙaramar waya ba ya jan ƙafa.

Akwai kuma bakod ɗin da ba ya da ma'ana a wajen kantin da ya buga shi. Duk wanda ya fara da lamba 20 zuwa 29 na cikin gida ne, irin wanda ake mannawa bayan an auna maka dabino, cuku ko burodin da aka gasa a wurin. Lambar da ke nufin dabino a wannan kanti za ta iya nufin soyayyar gyaɗa a na gaba. Da manhajarmu ta ga irinsa ba ta ma zuwa nema, nan take take cewa wannan kayan awo ne, a tambayi mai sayarwa.

Ofishin rajistar

Tunda lamba ce kawai, sai an sami rumbun bayanai da zai fassara ta. Mafi girma da kowa zai iya amfani da shi kyauta shi ne Open Food Facts, wanda wani Bafaranshe, Stéphane Gigandet, ya kafa a 2012. Tsarinsa irin na Wikipedia ne: kowa na iya ɗaukar hoton kaya ya saka. Yanzu kayan da ke ciki sun haura miliyan uku. Yuka ma, manhajar nan da ta yi tashe a Faransa tun 2017, da bayanansa ta fara.

Sai dai rumbun da jama'a ke cikawa yana kama da jama'ar da suka cika shi. Kayan Faransa da Jamus da Amurka sun cika maƙil. Ka haska cakulan na Turai, kafin ka ƙifta ido amsa ta fito. Ka haska garin ƙosai na wani ƙaramin kamfanin Indiya ko ruwan 'ya'yan itace da aka yi a yankin nan, sau da yawa shiru, ko ka sami suna babu kayan haɗi.

Wanda ya fi wannan hatsari shi ne bayanin da ke nan amma ya tsufa. Kamfani na iya canza man da yake suya da shi, hoton da ke rumbu kuwa na shekaru uku da suka wuce ne. Haka kuma suna ɗaya ba ya nufin haɗi ɗaya. Alewar Haribo da ake yi a Jamus yawanci da jelatin na alade ake yin ta, wadda ake yi a Turkiyya kuwa da na saniya. Hoton beyar da ke jikin ledar iri ɗaya ne. Saboda haka muka yanke cewa kowace amsa sai ta fito da ranar da aka ɗauki hoton bayanin a ƙasanta, manya-manya, ba a ɓoye cikin wani shafi ba.

Idan rumbu bai sani ba, sai karatu

Hanya ta biyu ita ce wayar ta karanta jerin kayan haɗin da kanta daga hoto, fasahar da ake kira OCR. A nan ne Doha ta nuna mana halinta. Mai karanta rubutu na ML Kit ya iya baƙaƙen Latin, Sinanci, Jafananci, Koriyanci da Devanagari na Indiya. Larabci ba ya ciki. Sai muka koma wa Tesseract, tsohon injin da HP ta fara, aka saki lambobinsa ga kowa a 2005. Yana karanta Larabci, amma a shimfiɗaɗɗiyar takarda ya fi jin daɗi. Gwangwani a lanƙwashe yake, leda tana ƙyalli ƙarƙashin fitilun kanti, sitika kuma wani lokaci a kan asalin rubutun ake manna ta, ta rufe rabin jerin.

Wanda ya yi makarantar allo ya san ɗigo ne kawai tsakanin ba da ta da sa, ko tsakanin ra da za. Kyamara ta rasa ɗigo, kalma ta canza. Lambobin ma haka: biyar ta Larabci, ٥, kamar sifirinmu take, sifirinsu ɗigo ne, shidansu kuma, ٦, kamar bakwai. Ka ɗauka injin ya ga giram ٥٠ na suga ya karanta shi sifiri. Mai ciwon suga zai ga kore shar.

Bayan an karanta, sai a fahimta, kuma wannan ɓangaren ne ya fi cin lokacina. Mai sabon hannu zai ce ai neman kalma ne kawai: ka ga milk, ka kunna ja. Gwada ka gani. Coconut milk madarar kwakwa ce, babu ruwanta da saniya. Cocoa butter man koko ne, shea butter kuwa man kaɗanyarmu ne, wanda ake sakawa a wasu cakulan. Buckwheat ba alkama ba ce. Tiger nut ayarmu ce ta kunun aya, kuma a ƙasa take yin 'ya'ya kamar dankali, ba ta cikin dangin su yazawa. A ɗaya gefen, whey da casein duk daga madara suke alhali kalmar madara ba ta fito ba, arachis oil kuma man gyaɗa ne ya sa rigar boko.

Larabci na da nasa tarkon. Gyaɗa sunanta ful sudani, wato waken Sudan. Ful shi kaɗai kuma wani wake ne mai faɗi da ake karin kumallo da shi a nan, wanda likitoci ke hana masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini. Kalma ɗaya, marasa lafiya biyu daban. Jauz wani ɗan itace ne mai jawo alaji, jauzul hind kwakwa ce, jauzatut tib kuma kayan ƙamshi. Laban a Masar madara ce, a nan yankin Gulf kuwa wani abin sha ne mai kama da nononmu. Ga kuma wa da al da bi da ke mannewa a gaban kalma, sai an ɓamɓare su kafin a gane ta. Cibiyar bincike ta QCRI da ke nan Doha ta ƙera wani kayan aiki mai suna Farasa da ke yin wannan ɓamɓarar, kuma daga tsarinsa muka koyi yadda za mu rubuta ƙaramin namu da zai zauna a waya.

Sai jumlolin da ke juya ma'ana. “Babu gulutin a ciki” na ɗauke da kalmar gulutin. “Mai yiwuwa akwai ɓurɓushin gyaɗa” ba daidai yake da “akwai gyaɗa” ba, ba kuma daidai yake da “babu” ba. Wannan gargaɗin na “mai yiwuwa” a ƙasashe da yawa ganin dama ne, kamfani ke zaɓar ya rubuta ko ya bari. Rashin ganinsa a jikin kwali ba shaida ba ce cewa injin da ya yi biskit ɗin bai taɓa gyaɗa ba.

Na san abin da wasunku za su ce: me ya sa ba za a tura hoton ga ChatGPT ko Gemini a huta ba? Mun gwada su, kuma wajen karanta rubutu mai wahala sun yi wa Tesseract fintinkau. Matsalarsu ɗaya: ba sa son yin shiru. Idan ƙyalli ya rufe kalmomi uku, suna iya cike gurbin da abin da aka saba gani a irin wannan kaya, cikin jumla mai santsi, ba tare da sun nuna maka inda suka cike ba. A rubutun wasiƙa wannan baiwa ce. A jerin kayan haɗi kuwa, kalmar da ta ɓace ɗin tana iya zama riɗi. Matsayarmu ita ce ƙirƙirarriyar basira za ta iya taimakawa wajen karatu, amma hukunci na ƙamus ne da ƙa'idojin da mutum ya rubuta, waɗanda za a iya bin sawunsu layi-layi.

Launi na uku

Na ambaci riɗi da gangan. A Yulin 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a shagon Pret a Manger da ke filin jirgin Heathrow. Tana da alajin riɗi, ta duba ledar ba ta ga an rubuta shi ba, domin dokar lokacin ba ta tilasta cikakken jeri ga abincin da aka haɗa a cikin shago ba. Riɗin a cikin ƙullin burodin yake. Ta faɗi a cikin jirgi kan hanyar Nice, ta rasu. Dokar da aka sa wa sunanta ta fara aiki a Birtaniya ranar 1 ga Oktoban 2021. Tarayyar Turai na da jerin abubuwa 14 da dole a bayyana, riɗi na ciki. Amurka na da 9, kuma sai ranar 1 ga Janairun 2023 riɗi ya shiga nata jerin. A Doha kuwa riɗi ko'ina yake: tahina, hummus, za'atar, halawa, saman burodi.

Yarinyar nan ta yi abin da ya kamata, ta karanta. Abin da ta gani shi ne babu gargaɗi, ta ɗauke shi a matsayin babu hatsari. Manhaja mai launi biyu kacal tana maimaita wannan ne da hannunta: duk abin da ba ta ga dalilin yi masa ja ba, sai ta yi masa kore.

Shi ya sa tamu take da uku. Ja na nufin mun ga abin da ka ce ba ka ci, ga kalmar an ja mata layi a hoton. Kore na nufin an karanta jerin daga farko har ƙarshe, kowace kalma tana cikin ƙamus, kuma bayanin sabo ne. Duk abin da bai cika waɗannan sharuɗɗa uku ba ruwan toka ne da alamar tambaya, tare da dalili a taƙaice: “sitika ta rufe wani ɓangare”, ko “akwai kalma biyu da ba mu gane ba, ga su”.

An yi gardama sosai a kan wannan. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi mu sanin harkar kasuwanci, ya ce mutum ya haska kaya biyar ya ga toka uku, goge manhajar zai yi. Yana da gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa sa manhaja a Play Store ya san zafin tauraro ɗaya. Wata abokiyar aikinmu da ƙaninta ke da alajin gyaɗa ita ta kashe maganar. Ta ce a gidansu toka na nufin a mayar da kaya kan kanta a ɗauki wani, asarar minti ɗaya. Koren ƙarya kuwa motar asibiti ce. Ni ina bayanta, ko da hakan zai rage mana masu saukewa. Abin da muka yi don rage haushin toka shi ne kada ta zama bango: tana nuna maka daidai wurin da za ka duba da idonka, ko ta ce ka juya kwalin ka sake ɗauka. Kuma kowane launi na tafe da alama da rubutu da jijjigar waya daban, saboda akwai maza da yawa da ba sa bambance ja da kore.

Manhaja ba ta fatawa

Komawa kan halal, domin na san ba za ku bar ni ba. Lambobin nan masu farawa da E sunayen sinadaran ƙari ne a tsarin Turai, kuma saƙonnin da ke yawo a WhatsApp masu cewa duk na alade ne ba gaskiya ba ne. E414 ƙaro ne, irin wanda ake tsinta a jikin ɗakwara a Yobe da Borno da Jigawa. E322 yawanci daga waken suya ake samunsa. Amma akwai masu wuyar sha'ani. E471 ana iya yin sa da man tsiro ko kitsen dabba, kuma lambar ba ta faɗin wanne. E120 jan launi ne daga wani ƙwaro. E920 ana samunsa daga gashin tsuntsu ko a haɗa shi a masana'anta. Ruwan vanilla na asali, a ƙa'idar Amurka, sai da aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa.

Malamai sun yi saɓani kan wasu daga cikin waɗannan, kuma hukumomin ba da shaidar halal na ƙasashe ba su zo ɗaya ba. Ɗaliban injiniya huɗu ba su da hurumin raba wannan gardama. Manhajar na faɗin tushen abu, ta nuna ko akwai tambarin halal a jikin kayan da kuma hukumar da ta bayar, sannan mai waya ya saita wa kansa: ƙwari, a yi mini ja ko a bari. Saitin nan ɗaya ya yi wa Bahindiyar da ba ta cin nama aiki ba tare da mun ƙara layi ko ɗaya ba.

Suga da gishiri sun fi sauƙi domin lissafi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana. Wasu kamfanoni sodiyam suke rubutawa, sai ka ninka sau biyu da rabi ka sami gishiri. Wasu kuma suna ba da adadi a kan “cin mutum ɗaya”, wanda zai iya zama biskit biyu a fakitin da kowa ke cinyewa a zama ɗaya. Muna mayar da komai kan giram 100, mu bi ma'aunin Birtaniya: suga sama da giram 22.5 ya yi yawa, gishiri sama da giram 1.5 ya yi yawa. Ga mai karatu kuma muna nuna shi da cokalin shayi, kusan giram 4 kowanne, domin “cokali tara” ya fi shiga kai.

Jerin abin da mutum ba ya ci yana tona lafiyarsa da addininsa a lokaci guda. Dokar Qatar mai lamba 13 ta 2016 ta sa waɗannan biyun cikin bayanai masu matsayi na musamman, Najeriya ma ta yi tata dokar kare bayanai a 2023. Mun zaɓi hanya mafi gajarta: babu buɗe asusu, saitin mutum a wayarsa yake zaune, ƙamus ɗin ma a ciki. Lambar bakod kaɗai ke fita.

Idan aka kai ta Kasuwar Singa

Duk daren da na zauna kan aikin nan sai na tambayi kaina ko zai yi amfani a gida. Ga kayan kwali da gwangwani na kantuna irin su Sahad, zai yi, idan an cika rumbun. Waya ba matsala ba ce, Tecno da itel na iya ɗaukarsa tunda ba ya cin data sosai. Mutanenmu ma ba baƙin tantance kaya da waya ba ne: tun 2010 NAFDAC ta kawo tsarin kankare lamba a jikin magani a tura ta saƙo.

Amma nawa ne daga abincin gidanku ke da bakod? A Singa buhu ake saya, mai shago ya buɗe ya auna a mudu ko ya ƙulla a leda. Madarar gari da suga da fulawa duk sun rabu da kwalinsu kafin su iso hannunka. Gero da dawa na Dawanau ba su taɓa ganin kwali ba. Kuma abin da ya fi hatsari ga mai alajin gyaɗa a Kano ba ya kan kanta: ƙuli ne a yajin tsire, tunkuza a labun kilishi, gyaɗa a miyar taushe, man da aka soya ƙosai da shi, garin da aka barbaɗa wa gurasa bandashe. Mai gudun alkama zai ji daɗi cewa gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk babu gulutin, sai dai mai ɗanwake na iya ƙara fulawa, mai waina ma haka. Daddawa kanta wata ta kalwa ce, wata ta waken suya.

Don haka sigar gida ba za ta dogara da kyamara ba. Abin da nake zanawa a gefe shi ne ƙamus na abincinmu: ka rubuta ko ka faɗi “kilishi”, ta gaya maka abin da aka saba sakawa, abin da wasu ke ƙarawa, da tambayar da za ka yi wa mai sayarwa, kamar “Malam, da man gyaɗa aka soya ko da na ja?” Da murya, saboda Hajiyar da ke da ciwon suga ba lallai ta karanta boko ba, jikanta ne zai saita mata. Kusan duk amsoshin wannan sigar ruwan toka za su zama, kuma haka ya dace da abincin da kowane hannu ke haɗa shi yadda ya ga dama.

Ɓangaren kwali kuwa yana gab da canzawa. GS1 na son zuwa ƙarshen 2027 injinan kantuna su iya karɓar lamba mai murabba'i irin QR, wadda za ta iya ɗaukar ranar lalacewa da lambar rukunin kaya, ta kuma kai ka shafin da kamfanin da kansa ya rubuta kayan haɗi. Wannan zai rage matsalar tsohon hoto ga manyan kamfanoni. Ƙananan masu yin cincin da yaji a Kano da Maraɗi za su daɗe ba su kai can ba.

Kafin nan akwai aikin da kowannenku zai iya yi yau da wayar da ke hannunsa. Ku sauke manhajar Open Food Facts, ku ɗauko kaya biyar daga kicin masu farawa da 615: taliya, dunƙulen miya, madara, man gyaɗa na gora, duk abin da ya samu. Ku haska. Wanda babu shi, ku ɗauki hoto uku: gaban kwalin, jerin kayan haɗi, da jadawalin sinadarai. Ku tsaya kusa da taga, ku kashe filasha saboda ƙyalli, ku miƙar da ledar da yatsa, kuma ku tabbatar layin ƙarshe na jerin ya shiga hoton, domin a nan ake rubuta “mai yiwuwa akwai gyaɗa”.